Daga Katsina zuwa Bagauda: yadda ake shekarar Makarantar Lauyoyi har a ɗora maka hula

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan la'asar, ɗiyar yayana ta yi sallama gidana a Ƙofar Ƙaura, tana riƙe da waya kamar wadda aka ba ajiyar ƙwai. "Gwaggo, sunana ya fito. Bagauda aka tura ni." Ta gama digirin lauya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, shekara biyar cur, saura Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda mu da muka ratsa ta muke ce wa Loskul. Tambayarta ta farko ita ce wane littafi za ta saya. Na ce ta ajiye zancen littafi tukuna, ta miƙo min hannunta na dama. Ta miƙo tana dariya. Na ce to wannan hannun shi zai yi karatun bana. Jami'a ta cika miki kai da sanin me doka ta ce. Can kuma za a koya miki ta wace ƙofa ake shiga kotu, da wace takarda, kuma ke za ki rubuta takardar.

Abin da na yi ta gaya mata har aka kira magariba shi nake rubutawa a nan, don 'ya'yan wasu ma su amfana. Ni a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello na yi digirina, na shiga Bagauda, reshen makarantar na Kano, a zangon 2012, na bar goyo a hannun mahaifiyata. Zan riƙa cewa "ka", in magana ta zo kan mata sai in ce "ki".

Fara da sanin don me aka gina ta

Wanda ya san asalin makarantar ba zai yi mamakin baƙaƙen kaya da cin abincin dare na dole ba.

Kakana magatakardan alƙali ne a zamanin En'e. A kotun da ya yi aiki lauya ba ya tsayawa, doka ce ta hana. Alƙali ne da muhutinsa da littattafan Malikiyya, mai ƙara ya faɗi da'awarsa da bakinsa, wanda ake ƙara ya amsa. Masu neman ilimin alƙalanci a tsarin boko Kano suke tafiya, makarantar shari'a da aka buɗe a 1934 da malamai daga Sudan, wadda daga baya ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Lauya irin na Bature kuwa sai wanda ya haye teku. Dole mutum ya je Landan, ya shiga ɗaya daga cikin gidajen lauyoyi huɗu na can, ya ci jarrabawarsu, ya halarci liyafar dare iya adadin da suka yanka, sannan su kira shi lauya. Ɗan Najeriya na farko da ya bi wannan hanya shi ne Sapara Williams, a 1879. Mu Katsinawa muna da namu cikin na farkon Arewa. Akwai Mai Shari'a Mohammed Bello, ɗan Muhutin Katsina, wanda ya riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya hau ta. Akwai marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya riƙe sarautar Galadiman Katsina Hakimin Malumfashi, ya kuma shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992. Su biyun gidan Lincoln's Inn ne ya kira su, a tsakiyar shekarun 1950.

Illar wannan tsari biyu ce. Mutum zai dawo ya haddace dokar filaye ta Ingila, amma a ce ya raba gardamar gona a Rimi sai ya tsaya kallon sama. Sannan a Ingila sana'ar kashi biyu ce: mai tsayawa gaban alƙali daban, mai zama ofis yana tsara takardun ciniki da wasiyya daban. A nan mutum ɗaya ke yin duka, ke nan wanda ya dawo rabin sana'a ya koyo. Shi ya sa a 1959 gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Unsworth, Babban Lauyan Tarayya na lokacin. Kwamitin ya ce jami'o'i su koyar da ilimin doka, a kuma kafa makaranta guda a Legas da za ta koyar da aikin hannu. Aka yi dokar a 1962. A watan Janairun 1963 aka buɗe a gida mai lamba 213A kan titin Igbosere, da ɗalibai takwas, kwas ɗin wata uku kacal. A shekarun nan ne kuma tsangayoyin lauya na Nsukka da Legas da Ife da Zariya suka soma. A 1997 hedikwatar ta tashi daga Legas ta koma Bwari a Abuja. Yau akwai rassa a Legas, Enugu, Kano, Yenagoa, Yola da Fatakwal, ɗaliban da suke takwas sun koma dubbai a kowace shekara, amma manhaja ɗaya ce, jarrabawa ɗaya, a lokaci ɗaya.

Reshen Kano yana Bagauda, a ƙasar Bebeji, wurin da a da otal ne na bakin tafki tun zamanin Audu Baƙo. 'Yan Daura da muka yi aji tare sun ishe mu da tsokana, wai Bagauda ɗan Bawo ne jikan Bayajidda, don haka su gidan jikansu suka zo, mu ne baƙi.

Kafin ka ɗaura kaya

Abu na farko takardu, kuma cikin takardu suna. Ɗauko sakamakon sakandare, da na jami'a, da takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, ka jera su a tabarma ka duba harafi harafi. Mu Hausawa mun iya wannan ɓarna: nan Muhammad, can Mohammed, a wata kuma an ƙara sunan gari. Sunan da ka cike a fom shi za a rubuta a kundin Kotun Ƙoli, shi za ka yi ta sa hannu da shi har ka tsufa. Gyara tun kana gida, da takardar rantsuwa in ta kama. Tun ran gini tun ran zane.

Fom ta hannun tsangayarku yake fitowa, kuma kowace jami'a akwai adadin da Majalisar Ilimin Lauyoyi, mai kula da makarantar, ta yanka mata. Wanda bai shiga cikin adadin bana ba sai ya jira. In jiran ya same ka, kada ka kwanta a gida kana jin rediyo, nemi ofishin wani lauya ka riƙa ɗaukar masa jaka zuwa kotu, za ka ga amfaninsa. Akwai kuma tambayoyi kan hali: ko an taɓa korarka daga makaranta, ko kotu ta taɓa hukunta ka. Faɗi gaskiya. Sana'ar nan tana iya yafe kuskure, amma ƙaryar da aka gano daga baya tana iya raba mutum da hular lauya da ya riga ya ɗora. Wanda kuma a ƙasar waje ya yi digiri, akwai zango na musamman da zai fara yi a koya masa dokokin Najeriya kafin ya shiga babban aji. Iyaye masu tura 'ya'ya waje su bincika tun kafin a biya kuɗin jirgi ko Majalisar ta yarda da jami'ar.

Reshen da za ka je makaranta ce ke yankewa. Bakatsine na iya tsintar kansa a Yenagoa. In haka ta faru ka tafi, wanda ya je can ya dawo da abokan aiki da za su riƙa turo masa shari'a daga Kudu shekara da shekaru.

Kuɗin makaranta da na kayan rantsuwa suna da nauyi. A fara tari tun ana aji huɗu, a kuma tambayi ƙungiyar ɗaliban lauya 'yan jiha ko gwamnati na ba da tallafi a shekarar.

Sai sutura. Baƙi da fari, babu na uku. Namiji baƙar kwat, farar riga, laktaye, baƙin takalmi rufaffe da safa. Mace baƙar jaket da baƙin siket da ya wuce gwiwa, farar riga a ciki. Ki kai wa tela mai ɗinkin kwat, kada ki kai wa mai ɗinkin atamfa don kawai kun saba, kafaɗar za ta tona miki asiri. Fararen riguna su kai biyar, don ƙurar hunturu ba ta san lauya ba. Ki tanadi ƙananan hijabai masu shiga cikin wuyan jaket. Game da ranar rantsuwa, tun bayan taƙaddamar wata ɗaliba daga Ilori a ƙarshen 2017, dattawan sana'ar sun amince a 2018 mace ta sa hijabinta a ƙarƙashin hular.

Darussa biyar

Kowace rana da darasinta, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon mako ashirin. Wannan tsari na koyo da aiki an shigo da shi ne a zamanin shugabancin Tahir Mamman, wanda ya riƙe makarantar daga 2005 zuwa 2013.

Akwai shari'ar laifi. A nan za ka bi mutum tun daga lokacin da ɗan sanda ya dafa kafaɗarsa har zuwa ɗaukaka ƙara: kamu, bincike, beli, tuhuma, shaida, hukunci. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya zama kamar Fatiha a bakinka: wanda aka tsare a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne rubuta tuhuma, don Arewa da Kudu ba salo ɗaya ba ne. Mu Finalkod muka gada, dokar laifuka ta Arewa wadda ta fara aiki a 1960, su kuma suna da tasu dokar laifuka. Tambaya za ta ce laifin a Kano aka yi, kai kuma ka zuba salon Legas, shi ke nan maki ya tafi ko da Turancinka ya fi na Sarauniya. Kafin ka ɗora biro, tambayi kanka abu uku: a wane gari, a wace kotu, wa ke da ikon sa hannu.

Akwai shari'ar madaniyya, wato rigimar bashi, fili, kwangila, aure na rajista, zaɓe. Nan ne hannu ke shan wuya. Hanyoyin shigar da ƙara kala-kala ne, kowace da wurinta, kuma kotu na iya korar ƙara mai gaskiya don ta shigo ta ƙofar da ba tata ba. Takardar roƙo ba ta tafiya ita kaɗai, sai da takardar rantsuwa da rubutaccen jawabi. Zan dawo kan takardar rantsuwar nan, don ta taɓa kunyata ni.

Akwai aikin filaye da gidaje, wanda a ganina shi ne ya fi ciyar da lauyan Katsina, ko da yake ɗalibai sun fi raina shi. Ka san yadda muke ciniki a garin nan: dillali, shaidu biyu, takarda da aka rubuta a ƙofar gidan mai unguwa, a yi addu'a a watse. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa ta ce ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 22 ya ce mai takardar mallaka ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba. Za a koya maka bincike a ma'aikatar ƙasa kafin mai saye ya biya, da tsara takardar sayarwa, da ta haya, da ta jingina, da wasiyya. Duk wanda ya iya wannan da kyau ba zai rasa cefane ba ko bai taɓa taka kotu ba.

Sauran biyun su ne aikin kamfanoni, daga rajista a CAC, hukumar kula da kamfanoni, har rushewa, da kuma ladubban sana'a. Na ƙarshen shi ake ɗauka wasa, alhali shi ke korar lauya daga aiki. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: kuɗin wanda kake wa aiki asusunsa daban, naka daban. Ranar da ka ranci kuɗin magada don biyan kuɗin makarantar yara da niyyar mayarwa, ranar ka kama hanyar kwamitin ladabtarwa, mai ikon goge suna daga kundi.

Yadda za ka yi karatun

Tashi da asuba, bayan salla ka ɗauki takarda fara ka rubuta daftari ɗaya daga ka, ba tare da leƙen littafi ba. Yau takardar neman beli, gobe takardar sayar da gida, jibi wasiƙar neman biyan bashi. Ka gama ka buɗe samfurin da aka ba ku ka gwada, ka ja layi a inda ka kauce. Minti arba'in ya isa. Ni kwali na yanka na rubuta sunayen daftarai a jiki, na zuba a gwangwanin madara, kullum in sa hannu in zaro ɗaya, don kada in riƙa zaɓen wanda na iya. Duk abin da na ci a jarrabawar ƙarshe gwangwanin nan ne ya ci min. Wanda ke karanta daftari da ido yana gyaɗa kai kamar mai kallon tela ne yana cewa ai ɗinki ba wuya, sai ranar da aka miƙa masa almakashi.

Kada ka yi wasa da shiga aji. Ana ɗaukar suna, kuma akwai adadin da in ba ka cika ba ba za ka zauna jarrabawa ba. Kafin kowane darasi akwai aikin da ake bayarwa a yi shi a rukuni, washegari malami ya kira duk wanda ya ga dama ya miƙa masa makirfo gaban ɗaruruwan mutane. Mu 'yan Arewa, musamman mata, muna da ɗabi'ar komawa kujerar baya mu yi shiru, wai kunya. Ki ajiye ta a gida. Gara muryarki ta yi rawa a aji, inda dariya kawai za a yi, da ta yi rawa gaban alƙali ran da 'yancin wani ke hannunki. A rukuninmu akwai wani ɗan Anambra da wata 'yar Ekiti, su suka riƙa gyara min furuci, ni kuma ina warware musu Finalkod. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga wani tarko. Kana isa za a yi ta miƙo maka tsoffin rubuce-rubucen waɗanda suka wuce, wasu a takarda wasu a waya. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, to ban da a nan. Ɗiyar yayana ta roƙi nawa na hana ta. A zamaninmu dokar kamfanoni ta 1990 muka karanta, wadda ta ce sai mutum biyu ake kafa kamfani. Ta 2020 ta zo ta ce mutum ɗaya ma na iya kafa nasa. Dokar gudanar da shari'ar laifi ta tarayya, ACJA, sai 2015 ta fito, bayan mun bar makaranta. Ƙa'idojin ladubban sana'a na 2007 da muka haddace an maye su da na 2023. Sayi dokokin da ke aiki yanzu, su kansu, ka riƙa buɗe sashen da idonka. Littafin bayani ɗaya a kowane darasi ya wadatar, mai tara biyar ba ya gama ko ɗaya.

In azumi ya faɗo cikin zango, mai da karatu mai nauyi bayan sahur. In kina da goyo a gida, ki yanka lokacin waya guda a rana ki tsaya a kai. Ni bayan isha'i nake kira, in ji kukanta, in yi nawa, in wanke fuska in koma kan takarda.

Liyafar dare

Sau uku ake yinta, kuma wanda bai cika ukun ba ba a rantsar da shi. Gadon Landan ne da na faɗa a baya. Dattawan sana'ar da ake kira Bencas, wato manyan alƙalai da manyan lauyoyi, su ke zama a babban tebur. Ana shiga cikin cikakkiyar shiga, kafin lokaci, ba a fara ci kafin su, ba a tashi kafin su. Ci wani abu a ɗaki kafin ka tafi, don ba ƙoshi ake zuwa yi ba. Matsalata ni ita ce cokali mai yatsu, wanda Bature ya ce a riƙe da hagu, ni kuwa tun ina yarinya ake buge min hagu in ta nufi kwano. Dabarar da na yi: in yanka naman ƙanana da wuƙa, in ajiye ta, in mai da cokalin dama in ci abina. Babu wanda ya ce min kanzil.

Zaman kotu da zaman ofis

Bayan darussa za a tura ka makonni kana zama a kotu, sannan wasu makonni a ofishin lauya. Yawanci mutum na samun garinsu, ni Katsina na dawo. Ana ba da littafin da za ka riƙa rubuta abin da ka gani kullum, a sa maka hannu, in ka koma makaranta ka tsaya gaban malamai su yi maka tambayoyi a kai. Masu zuwa su sa hannu su gudu kasuwa a nan ake gane su.

A kotu, je da wuri ka gai da rajistara da masinja da ladabi. Su suka san inda kowane fayil yake, kuma shekara ashirin nan gaba kana buƙatarsu. Zauna inda za ka ji, ka lura da yadda lauya ke gabatar da kansa, yadda ake miƙa takarda a matsayin shaida, yadda ake suka, yadda tafinta ke juya maganar ƙauye zuwa Turanci da abin da ke zubewa a hanya. Wannan na ƙarshen ba ya cikin kowane littafi, kuma lauyan da ke jin Hausa da kyau yakan ceci shari'a da gyaran kalma ɗaya.

A ofis ne na sha kunyar da na ambata. Wani dattijon lauya, Allah ya jiƙansa, ya ba ni fayil ya ce in tsara takardar rantsuwa ta neman beli. Na kwana ina zuba hikima, na kawo shari'o'in Kotun Ƙoli, na yi muhawara, na rufe da roƙo. Da safe ya karanta, ya ɗauki jan biro ya soke sakin layi tara cikin sha huɗu. Ya ce, "Ɗiyata, mi sashe na 115 na Dokar Shaida ya ce?" Na yi tsuru-tsuru, alhali na san shi: takardar rantsuwa abin da mai rantsuwa ya sani kawai take ɗauka, ba muhawara, ba roƙo, ba yanke hukunci. "To wanga tsoho da zai rantse, shi ya karanta Kotun Ƙoli? Tahi ki rubuta abin da ya gani da idonshi." Na sake sau uku kafin ya karɓa. Tambayar kuwa ta fito a jarrabawa.

In ka samu rana babu aiki, leƙa kotun shari'ar Musulunci. Manhajar makarantar ta ƙasa baki ɗaya ce, ba ta zurfafa a nan ba, amma a Katsina da Daura mafi yawan abin da zai shigo ofishinka aure ne da saki da riƙon yara da gado, kuma sashe na 277 na Tsarin Mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kansu. Lauyan da bai san da'awa da iƙirari da i'izari (damar ƙarshe ta kawo hujja kafin hukunci) ba, bai taɓa zama gaban malami an buɗe masa Tuhfa, littafin alƙalanci na Malikiyya, ba, alƙali zai yi ta juya shi gaban wanda ya ɗauke shi aiki. Nemi malamin zaure tun yanzu.

Jarrabawar ƙarshe

A shekararmu kashi biyu ce. Da farko tambayoyin canki-canka guda 100, ashirin daga kowane darasi, cikin lokacin da bai isa mutum ya yi tunani biyu ba. Sannan kwana biyar a jere, kowace rana darasi ɗaya, ana ba da labari a ce kai ne lauyan wane, ba shi shawara, tsara masa takarda. A lokacin, darasin da ka fi rauni a ciki shi ke yanke darajarka gaba ɗaya: ka yi zarra a huɗu, ka rarrafa a ɗaya, sakamakonka na mai rarrafe ne. Ka tambayi yadda ake lissafin a shekararku tun makon farko. Ko yaya yake, darasin da ka fi ƙi shi za ka fi ba lokaci, don faɗuwa a ɗaya na nufin sake zama.

Nemi tambayoyin shekarun baya ka amsa su da agogo a gabanka. A zauren jarrabawa karanta tambaya sau biyu, ka amsa abin da aka tambaya kai tsaye, ka kawo sashe ko shari'a, ka wuce. Dogon sharhin da ya ba ka maki a jami'a a nan lokacinka kawai zai ci. Kada ka shiga da ko guntuwar takarda a aljihu, ko ta lissafin cefane ce. Wanda aka kama da satar amsa ba shekara kaɗai ya rasa ba. Kuma ka yi barci. Na ga wanda ya kwana uku a kan shayi da goro, ran ta huɗu ya zauna yana kallon takarda bai iya tuna sunan kotu ba.

Hula

In sakamako ya yi kyau, saura fom ɗin rantsuwa, wanda sai biyu daga cikin Bencas sun sa maka hannu cewa kai mutumin kirki ne da ya dace da sana'ar. Kada ka bari sai makon ƙarshe ka fara neman su. Tambayi lauyan da ka zauna a ofishinsa, shi zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. A Abuja ake bikin. Za a tantance takardunka, ka shiga zaure da baƙar alkyabba da farin ƙyallen wuya, hular tana hannunka, ba ka ɗora ta sai an ba da izini. Mahaifina, da ya yi shekara biyar yana ce min lauya mai kare ɓarawo, shi ya fi kowa tsayuwa a hoto.

Kada murna ta sa ku kamo hanyar Katsina kai tsaye. Sai ka je Kotun Ƙoli an shigar da sunanka a kundi an ba ka lamba, sannan ka zama lauyan da ke iya tsayawa a kowace kotu a Najeriya. Ka dawo gida ka yi rajista da reshen ƙungiyar lauyoyi, ka nemi hatiminka, ka kuma riƙe ranar 31 ga Maris, don kafin ita ake biyan kuɗin izinin aiki na kowace shekara.

Ɗiyar yayana ta tashi tafiya ta ce, "Gwaggo, to hularki fa, za ki ara min in lokaci ya yi?" Na ce ta fara kawo min takardar neman beli da ta rubuta da hannunta ran Asabar mai zuwa. Na shiga kicin na ɗauko mata gwangwanin madara.